Dattijon da Ke Jiran Ƙaho Yana Shuka Dabino

Da muka dawo daga maƙabarta bayan binne Baba, maza suka baje tabarmi a gindin dabinai, mata suka shige ciki wurin Inna. Ikilisiyarmu ƙarama ce, ranar Lahadi ko rabin bencinanta ba ma cikawa, amma ran nan har inuwa ta yi kaɗan. An zo daga Kiyawa, an zo daga Aujara, an zo daga cikin Dutse, kuma masu carbi a hannu sun fi masu Littafi yawa.

Kowa da abin da ya tuna. Wata tsohuwa cikin matan zumunta tana ta maimaita cewa shi ya koya mata haƙuri da surukarta. Fasto ya fara magana, ya kasa ƙarasawa, ya zauna. Wani dillalin awaki ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai taurin kai a ciniki irin marigayi ba, aka ɗan yi dariya, dariyar ta mutu da wuri.

Baffa ne ya zo a ƙarshe. Shi ne maƙwabcinmu Bafulatani, abokin Baba tun suna samari. Bai shiga majami'a ba, amma ya raka gawa har bakin kabari ya tsaya daga gefe. Ya jingina sandarsa ya zauna ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri. Ya ce zai riga ni, na ce ƙarya yake." Sai ya ɗaga kai sama ya daɗe yana kallon itatuwan. "Kuben furen dabino ya fara tsagewa," in ji shi.

Ba wanda ya kalle ni, wannan ya fi kallon ciwo.

Baba wan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, matarsa Inna ita ta goya ni. Tun ranar da Baba ya faɗo daga kan dabino, Inna ba ta ƙara amsa gaisuwata ba. Nakan durƙusa a ƙofar ɗakinta in gaishe ta, ta ci gaba da abin da take yi kamar iska ce ta wuce. Duk garin an san dalili, ni ne sanadin hawan nan. Ban yi karatu mai zurfi ba, kuma ba don in wanke kaina nake wannan rubutu ba. Tsoro nake ji kada a tuna faɗuwarsa a manta da shi.

Baba dattijon ikilisiya ne, shi ke buga tsohon ƙarfen mota da aka rataye a jikin darbejiya don kiran addu'ar safe. Bai shiga aji ba, a cikin Littafi Mai Tsarki ya koyi haɗa baƙi, yana bi da yatsa. Ya fi son littafin ƙarshe, wato Ru'ya, har shafukan wajen suka yi baƙi saboda taɓawa. Ya gaskata da dukan zuciyarsa cewa Yesu zai dawo cikin gajimare, za a busa ƙaho, matattu su tashi, a tara ikilisiya wurinsa. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin labarin nesa ba. Kowace safiya in ya gama buga ƙarfe, sai ya tsaya ya dubi gabas, ya ɗan jima, sannan ya ce, "Bai zo jiya ba. To, a ɗauko fartanya."

Haka yake kullum, da damina da rani. Kuma saboda wannan jiran ba ya yarda rana ta faɗi yana fushi da wani. In suka saɓa da Inna, zai bi ta har madafi yana cewa, "Ki yi haƙuri yanzu, kada ya zo ya same mu a haka." Ita kuwa ta ce, "Ai gara ya zo ya gani da idonsa."

Da Baffa kuma ba sa gajiya da tsokanar juna. Sukan zauna da la'asar, ƙwaryar fura a tsakaninsu. Baffa ya ce, "Dattijo, mu ma fa muna jiran Annabi Isa. In ya sauko zai gaya muku gaskiya."

Baba ya ce, "Madalla. Wanda ya riga ganinsa ya ƙwala wa ɗan'uwansa kira."

"Ni zan riga ka, kullum ina daji, sama a buɗe."

"Kai da idonka ke kan gindin saniya? Ni ina kan dabino. In ya zo ya same ni a can, na rage rabin hanya."

Wannan maganar mun sha dariyarta. Yanzu ba mai iya maimaita ta a gidanmu.

Wanda bai san dabino ba zai ɗauka yana haihuwa ne haka kawai. Akwai mace, akwai namiji. Da sanyi ya shigo, furen kowanne yakan fito a cikin kube. In kuben mace ya tsage, dole a hau namiji a yanko furensa, a hau macen a cusa shi cikin nata a ɗaure da ganye. Shi muke kira auren dabino. Ba ya jira, in aka yi sakaci kwanaki kaɗan suka wuce, 'ya'yan za su fito ƙanana, ba ƙwallo ba zaƙi, su zube. Yawancin mutane sare namiji suke yi tunda ba ya ba da 'ya'ya. Baba ya bar wani dogo a bayan majami'a, kuma duk mai dabino a yankin, Musulmi da Kirista, wurinsa yake zuwa karɓar fure. Bai taɓa hana kowa ba. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya koya mini hawa, ya ba ni igiyarsa ta kaba da ya tufka da hannunsa, wadda ake zagaya ƙugu da gangar itace da ita. Ko bayan na koma Yalwawa a cikin Dutse ina acaɓa, duk shekara nakan dawo in yi wannan aiki.

Har ya tsufa bai daina binne ƙwallon dabino ba, alhali ya san shekarun da yake ɗauka kafin ya haihu. Na taɓa tambayarsa, "Baba, kai da ka ce Ubangiji yana bakin ƙofa, wa kake shuka wa?" Ya ce, "An ce mu yi tsaro, ba a ce mu naɗe hannu ba. Miƙo butar nan."

A Yalwawa na haɗu da wani mai wa'azi. Baƙo ne, ya kama wani shago yana tara mutane. Yana da baki, ba zan hana shi wannan ba. Zai ɗauko yaƙe-yaƙen da muke gani a waya, da annoba, da tsadar abinci, da satar mutane, ya jera su kusa da ayoyi har ka ji gashin jikinka ya tashi. Ya ce ya lissafa, za a fyauce tsarkaka zuwa sama kafin ruwan farko ya sauka. Ya ce tsofaffin ikilisiyoyi sun yi sanyi, ba za a ɗauki kowa daga cikinsu ba, sai wanda ya fito ya ware. Ni kuwa a lokacin rayuwa ta yi mini ƙunci, kuma gaskiya na ji daɗin a ce ina cikin 'yan kaɗan da suka sani. Ban taɓa zama na farko a komai ba.

Wata Lahadi na dawo gida, aka zo lokacin sanarwa, na miƙe ba wanda ya ba ni izini. Na faɗi duk abin da na haddace. Na ce wannan ikilisiya barci take, na ce wanda ke son ransa ya fito. Na nuna bencin dattawa da yatsa. Inna tana cikin mata, na ga ta sa bakin zane ta rufe baki.

Baba ya miƙe a hankali ya ce, "Ɗana, ranar bikinka wa zai sa ta?"

Na ce, "Kai da iyayen yarinya."

"Abokan ango fa?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"To ikilisiya amarya ce, tana jiran ango. Sa rana aikin Uba ne. Littafi ya ce ko mala'iku ba a gaya musu ba, balle 'yan rakiya." Ya juya ga jama'a. "Maganar kuma wa za a ɗauka wa za a bari, ku duka kun shuka dabino. Akwai wanda ya taɓa duban ƙwallo ya ce wannan mace ce, wannan namiji? Sai ya yi fure. Ni ban san wa ke na Ubangiji a ɗakin nan ba, shi ya sa nake ba kowa ruwa."

Da a nan ya tsaya, watakila da na zauna. Amma Baba yana da kaifin harshe, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Ya ƙara da cewa, "Zauna, annabin acaɓa." Majami'a ta fashe da dariya. Na fita, kuma ban fita ni kaɗai ba. Yawancin samarin suka bi ni, da wasu matan aure. A ƙaramar ikilisiya irin tamu, wannan ba ɓaraka ba ce, rushewar bango ce.

Da sanyi ya shigo, sai ga Baba a Yalwawa a bayan babur ɗin wani, da igiya a kafaɗa. Mutumin da ba ya son shiga gari. Ya same ni a ƙofar shagon, ya ƙi zama.

"Kube ya tsage," ya ce.

Na ce, "Baba, wa zai ci dabinon? Kafin ya nuna ba ma nan."

Ya dube ni. "To, a ce gaskiyarka ce. An kwashe ku. Waɗanda aka bari fa, ba za su ji yunwa ba? Baffa ba zai buɗe baki da azumi ba?"

Na ce wanda ya sa hannu a aikin Ubangiji ba ya waiwaye. Da bakina na faɗa masa haka, a gaban mutane, don su ji. Ya ce, "Maganar da na faɗa maka a majami'a ba ta dace ba, ka yafe mini. Zo mu tafi." Tsoho ya roƙe ni gafara a bakin titi, ni kuwa na juya na shiga shago.

Washegari ya hau da kansa. Ya gama da namijin, ya yanko fure, ya raba wa waɗanda ke jira a ƙasa. A kan macen farko ƙafarsa ta zame. Baffa ne ya ji ƙarar faɗuwar daga inda yake kiwo. Ƙashin ƙugu ya karye, an kai shi asibiti, an kawo mai ɗori, amma bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba.

Kada a ce da na ji labari na ruga gida. Ban je ba. Na ce wa kaina saura kaɗan a busa ƙaho, duk wannan zai wuce. Ina nan har hadari ya haɗu, ruwan farko ya sauka a kan kwanon shagon, muna ciki muna waƙa da fararen kaya. Mai wa'azin ya ce an ɗan yi kuskure a lissafi. Kafin a yi noman farko ya rufe shagon ya tafi, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Waɗanda na fitar ba su dawo ba, sai ɗaiɗai. Kunya ta hana wasu. Wasu ba su shuka komai ba a daminar nan, suka tafi ci-rani kudu, har yau. Akwai wanda na haɗu da shi a tasha ya ce mini shi yanzu ba ya shiga ɗakin addu'ar kowa, an ruɗe shi sau ɗaya ya isa. Wannan ya fi komai yi mini nauyi bayan ƙugun Baba.

Ranar da na koma gida, Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta, ta ɗauki rariyarta ta shige ɗaki. Na shiga wurin Baba. Ya rame, ɗakin yana warin man zafi. Na shirya maganganu da yawa a hanya, ban samu faɗin ko ɗaya ba.

"Ka ci abinci?" ya ce.

Na fashe da kuka.

"Bar wannan. Zo ka juya mini gadon nan, sun sa ni ina kallon bango. Ina so in riƙa ganin ƙofa." Ƙofar ɗakinsa gabas take kallo.

Daga nan na bar Yalwawa na dawo ina jinyarsa. Ni ke ɗaga shi, ni ke yi masa wanka, ni ke buga ƙarfe da safe ko da mutum uku ne za su zo. Inna takan ajiye abincinsa a bakin ƙofa, nawa kuma ta aiko a ba ni, ba ta taɓa barina da yunwa ba, amma kalma ɗaya ba ta haɗa mu. Igiyar kuwa ta ɗauke ta ta kai ɗakinta, ta ce ba mai sake hawa itace a gidan nan. Igiya ba wuya gare ta ba, ana sayarwa a kasuwar Shuwarin. Amma na san ba igiya ta hana ni ba. Sanyi ya zo ya wuce, ya sake zuwa ya wuce, dabinai suna zubar da 'ya'ya marasa amfani, masu zuwa karɓar fure suka daina zuwa. Na ce wa Baba ya yi mata magana. Ya ce, "Ni na yafe, don ni ƙashina kawai ya karye. Ita ba ka san abin da ya karye mata ba. Kada ka sa mata rana ita ma."

Wani lokaci yakan sa in karanta masa Ru'ya. In na zo wuraren dabbobi masu ƙahoni da annobai sai in tsaya, don da su aka kama ni. Yakan ce, "Wuce gaba, ɗana. Kai kullum a tsakiyar littafin kake tsayawa. Je ka inda aka share hawaye." Ya ce shi bai san ko ƙuncin ƙarshe zai riski ikilisiya ba ko za a ɗauke ta kafin nan, masu ilimi ma sun rabu a kai. Abin da ya sani, ango ɗaya ne, amarya ɗaya ce, kuma ba a ba kowa wuƙa ya yanka ta biyu ba. Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Kusa da ƙarshe ya daina tsokana. Wata safiya bayan na dawo daga buga ƙarfe na same shi yana kallon ƙofa, hawaye na bin gefen fuskarsa. Ya ce, "Na so ƙwarai in ji ƙahon nan ina tsaye da ƙafata." Sannan ya ce, "To. Za a tashe ni. Ku dai sa ƙafafuna gabas, in na miƙe in fuskance shi." Haka muka yi masa.

Muna cikin zaman makoki, masu gaisuwa sun fara raguwa, Baffa ya sake zuwa da hantsi. Wannan karon bai zauna a tabarma ba, ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya yadda za a ji a ciki.

"Uwargida, ina gaisuwa. Ni ba na shiga maganar gida. Amma abokina bai shuka itatuwan nan don tsuntsaye su yi sheƙa ba. In aka wuce jibi, bana ma an rasa."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Can sai na ji muryar Inna daga tsakar gida. "Kai."

Na ɗauka da wani take. Ta sake cewa, "Kai nake kira."

Na shiga na durƙusa. Tana tsaye da baƙin mayafi, igiyar a hannunta. Ta shafe ta da man gyaɗa don kada ta bushe, ashe duk tsawon lokacin nan tana kula da ita. Ba ta miƙo mini ba, a ƙasa ta ajiye a gabana.

"Ba don kai ba ne," ta ce.

"Na sani, Inna."

"Ba ka san komai ba. Ka ɗaura da kyau. Ba ni da sauran ƙarfin jinyar wani."

Na hau namijin da ke bayan majami'a. Ƙafafuna sun manta, ƙaya ta yage mini hannu. Daga sama na hango rufin majami'ar da ya yi tsatsa, na hango sabuwar ƙasar kabarin Baba, na hango duwatsun Dutse can nesa. Na dubi gabas kamar yadda yake yi. Sama fes, ba ko gajimare. Na yanko furen, ƙurarsa ta bule mini fuska. Da na sauko na tarar mutane sun taru a gindin, har da ɗaya daga cikin samarin da na fitar, ya tsaya nesa yana sunkuyar da kai. Na raba musu, sannan na bi matan ɗaya bayan ɗaya. Wasu kuben sun riga sun wuce, ba abin da za a yi musu. Wadda Baba ya faɗo daga kanta na bar ta a ƙarshe, kuma na daɗe a gindinta kafin in iya zagaya igiyar.

Washegari na buga ƙarfe. Fasto ya zo, da tsofaffi mata, sai ni. Muka yi addu'a muka watse. Na dawo na durƙusa a ƙofar Inna kamar kullum.

"Ina kwana, Inna."

Har na yunƙura zan tashi, sai na ji ta daga cikin ɗaki, murya ƙasa ƙasa.

"Bai zo jiya ba."

Na san sauran maganar, amma na kasa ƙarasawa.

Ta ɗaga labule ta dube ni, karo na farko ido cikin ido. Idanunta sun kumbura. "To me kake jira?" ta ce. "Fartanyar tana bayan rumbu."

Ubangiji ya ba Baba hutawa har ranar da za a busa ƙaho. Ya riƙe Inna. Ya nemo waɗanda na watsar, don ni na kasa. Ni kuma in ya zo, ya same ni da fartanya a hannu.